Rigar Sanyin da Aka Saya Mini a Landan

Mai rubuta mini wannan ta ce in fara daga filin jirgi, yadda aka raka mu da yadda aka tashi. Na ce a'a. Kowa ya san yadda ake tafiya. Dawowar ce ba kowa ke samu ba, saboda haka daga Landan zan fara.

Sunana Tasalla. A Gyaɗi-Gyaɗi nake, a ɗakin da mijina ya mutu ya bar mini, da 'yan awakina a bayansa. Sana'ata raino. Tun haihuwar fari nake gidan Hajiya Binta a Tarauni, in tafi da safe in dawo da magariba. Mijinta ɗan kasuwa ne. Da soja suka koma bariki ya tsaya takara, mu matan layinmu muka sha rana a kan layi muka dangwala masa, ya ci kujerar majalisa. Da shekara ta zagayo aka ba su hutu, sai ya ce zai kai iyalinsa su ga duniya. Za a fara da Landan, a wuce Faris babban birnin Faransa, daga can a hau jirgi a dawo Kano. Aka yi mini fasfo da bizar ƙasashen nan biyu, ba don ana so in buɗe ido ba, sai don Abba, autan Hajiya, ba ya barci sai a bayana.

A gidan Asabe muka sauka, ƙanwar Hajiya. Nas ce. A babban asibitin nan na kusa da mu ta fara aiki kafin ta tsallaka. Mijinta yana karatu a wani gari, sai ƙarshen mako ake ganinsa, ga ta da jaririya mai kukan tsiya. Gidan kuwa kamar an jingine akwatuna, wannan kan wannan, babu tsakar gida, babu inda za ka zuba ruwa a ƙasa. Suka ce bazara ce. Na ce idan wannan ce bazararsu, Allah ya raba mu da hunturunsu. Rana kuma ba ta da kunya, mutum ya gama abincin dare ya wanke hannu tana nan a tsaye tana kallonsa, ba ka san yaushe za ka yi magariba ba sai an duba agogo an gaya maka.

Washegari na ga maƙwabcinsu a bakin ƙofa na gaishe shi da hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi karensa, ya wuce. Daga ranar na adana gaisuwata.

Jaririyar Asabe ciwon ciki ke damunta. Na karɓe ta, na kwantar da ita a cinyata, na murza mata ciki da man zaitun mai ɗumi, na goya ta. Kafin a jima ta yi luf. Na ɗaga kai sai na ga Asabe tana kallona. Ba kallon ƙiyayya ba ne. Irin kallon da mai saye ke yi wa akuya ne a kasuwa, yana lissafin nonon da za ta ba shi. Na gani, na ci gaba da jijjiga goyona.

Kullum bayan cin abinci Alhaji kan shimfiɗa taswira a kan kafet, a zauna a tsara yawon gobe. Shi mutum ne mai son wasa da iyalinsa. Sai ya gyara hula ya ce, "To, 'yan majalisa, yanzu dimokuraɗiyya ake, babu dole. Masu son a je fadar Sarauniya su ɗaga hannu." Yara su ɗaga, Hajiya ta ɗaga, ya buga ludayi a kan faranti ya ce ƙudiri ya wuce. Ni ina gefe da Abba a baya, ba a ƙirga hannuna, ban kuma damu ba. Mai raino ina ruwanta da inda za a je, tunda duk inda aka je yaron nan dai a bayanta yake.

Mun ga abubuwa, ba zan yi ƙarya ba. Mun ga ƙatuwar hasumiya mai agogo. Mun ga sojojin fada da huluna kamar an kife musu tukunya, yara na yi musu gwalo ba sa ko ƙiftawa. Mun shiga jirgin ƙasa na cikin rami, inda matakala ke tafiya da kanta. Ranar farko na tsaya a bakinta na ƙi takawa, mutane na ratsa ni suna tsaki. Wata tsohuwar Baturiya mai sanda ta zo ta riƙe mini gwiwar hannu, ta ce wani abu, muka taka tare. Da muka isa ƙasa ta shafa kan Abba ta tafi. Ban san sunanta ba, ina dai sa ta a addu'a.

Ranar da aka fita sayayya, muka shiga wani kanti mai hawa-hawa. Hajiya ta ja ni can ƙurya inda aka tara kayan da ba lokacinsu ba. Ta ɗauko wata riga mai nauyin bargo, har gwiwa, wuyanta da gashi kamar na tunkiya. Ta ce, "Inna, gwada wannan." Ta haɗa da takalma masu rufe ƙwauri da safar hannu.

Na ce, "Hajiya, ina zan kai wannan a Kano?"

Ta ce, "Ba ke kike kukan sanyi ba? Araha ce, karɓi kawai."

Asabe ta ce, "Ki ƙara mata hula, Yaya." Sai Hajiya ta harare ta.

Na yi godiya. Kyauta ba a mayar da ita a gaban mutane. Amma sanyin da nake kuka da shi mayafi biyu na maganinsa. Wannan rigar ta wani sanyi ce daban, wanda bai zo ba tukuna.

Akwai wani fili mai ciyawa kusa da gidan, inda nake kai yara su yi gudu. Wata rana Abba ya ɗebo ƙasa zai kai baki, na daka masa tsawa na ce, "Tofar, don gidanku!" Sai na ji an ce daga bayana, "Wayyo Allah, wa nake ji yana zagi da Hausa?"

Wata mata ce a kan benci, ta kusa sa'ata, tana jijjiga keken jarirai. Ta taso ta rungume ni kamar uwa ɗaya ta haife mu. Sunanta Laraba, mutuniyar Filato ce, ta zauna a Hotoro shekaru da yawa. Ta tambaye ni ko har yanzu ana soya awara a bakin titi, ko ruwa ya sauka bana. Ta buɗe jaka ta raba mini burodinta. Muna cikin hira na ba ta labarin rigar, ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Har da takalmi?"

Na ce har da takalmi.

Ta ce, "Yaya, ni ma da riga aka fara. Uwar ɗakina ta kawo ni hutu, ta ce in taya 'yarta zama kwana biyu. Yaron da na tarar a zanin goyo yanzu ya fi ni tsawo, wannan na cikin keken ƙaninsa ne na uku. Bizata ta mutu tun tuni, fasfona yana cikin durowar madam. In na ga ɗan sanda sai in canza hanya. Mamata ta rasu a gida, a waya aka gaya mini."

Na ce, "Ba ki ce za ki tafi ba?"

Ta ce, "Na ce. Kullum sai a ce bari yara su yi hutu." Ta kama hannuna ta matse. "Ƙafar da ta kawo ki, ki bi ta. In suka fita ƙofa ba ke, shi ke nan."

Na koma gida na buɗe ido sosai. Na ga Asabe ta kwashe tarkacen da ke ƙaramin ɗaki ta sa katifa, ta ajiye na'urar ɗumama ɗaki a gefe. Na ga Hajiya tana ɗaure akwatuna, nata da na Alhaji da na yara, jakata kuwa tana nan a bayan ƙofa ba wanda ya ce in haɗa. Ban tambaya ba. Mai son ya ji ƙarshen zance ba ya katse shi.

Ana jibi za a wuce Faris, Hajiya ta same ni a kicin ina tuƙa tuwo. Ta jingina da bango ta sassauta murya.

"Inna, na ga ƙafarki ta kumbura. Faris ɗin nan tafiyar ƙasa ce zalla, ga hawa ga sauka. Ina ganin ki zauna wajen Asabe ki huta kwana biyu."

Na ce, "Kwana biyun Bature ko na Bahaushe?"

Ta yi wata 'yar dariya. "Kai, Inna. Kuma kin san jirgin ƙasan da za mu hau ta ƙarƙashin teku yake bi? Ruwa ne a samanki, tsawon tafiya. Ke da kike tsoron matakala."

Na ce, "Fir'auna ruwa ya ci. Annabi Musa wucewa ya yi."

Ta ce, "Za mu yi magana," ta fita. Na ci gaba da tuƙi. Tuwon ranar ya sha muciya.

Da aka gama cin abinci Alhaji ya shimfiɗa sabuwar taswira, ta Faris. Na kwantar da Abba, na shiga ƙaramin ɗakin nan da aka gyara mini. Na sa rigar, na ja zif har wuya. Na sa takalman, na sa safar hannu, na kifa hular a kan ɗankwalina. Ranar kuwa an yi ɗan zafi, har an buɗe tagogi. Na fito falo ina taku ɗaya-ɗaya kamar raƙumi da kaya, gumi na bin bayana.

Alhaji yana cewa, "Masu son a fara da hasumiyar ƙarfe su ɗaga hannu." Na ɗaga nawa da safarsa, na riƙe shi a sama.

Yara suka fashe da dariya. Alhaji ya ce, "Subhanallahi, Inna, lafiya? Zazzaɓi ne?"

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Rigar da aka saya mini na gwada in ga ko lokacinta ya yi. Na ga bai yi ba. Asabe, ke ce 'yar gari, yaushe ake sa irin wannan?"

Asabe ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Ta ce a hankali, "Sai ƙarshen shekara."

"To, Alhaji, ka ji. An ce in huta kwana biyu, an kuma yi mini ɗinkin ƙarshen shekara. Ni ban yi boko ba, shi ya sa na kawo majalisa a warware mini."

Ya dubi Hajiya. Ya ce, "Ba cewa kika yi ita ta nemi ta zauna ba?"

Hajiya ta ce, "Ai da na gama yi mata bayani za ta yarda. Asabe tana cikin wani hali, Alhaji, kai ma ka gani. Aiki dare da rana, ga jaririya. Aron Inna kawai za ta yi zuwa yarinyar ta yi ƙwari. Kuma biyanta za a yi, da kuɗin nan ƙasar. Wa zai ƙi? Mutane nawa ke neman hanyar zuwa nan ba su samu ba?"

Na ce, "Hajiya, turmi ake aikowa a ara, da tsani, da babbar tukunya in ana biki. Su ba a tambayarsu. Ni na goya 'ya'yanki duka, na wanke kashinsu, ban taɓa ɗaukar tsinkenki ba. Ban kai a tambaye ni ba?"

Ta ce, "Inna, a gaban yara?"

Na ce, "A gabansu aka saya mini rigar."

Hannuna yana sama har lokacin, na ƙi sauke shi. Na juya wajen Alhaji.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce yanzu babu dole. To ga hannuna, a ƙirga. Zan ga hasumiyar ƙarfe, zan ga duk abin da ke cikin takardar nan, in hau jirgin da kuka hau. In kuma ba a ƙirga hannun mai raino, to ka shirya amsa. Ranar da kuka sauka, matan layinmu za su zo yi maka barka da dawowa, su da suka sha rana dominka. Za su duba bayanka su ce ina Tasalla. Sai ka gaya musu wa ka ba aro."

Ya daɗe yana kallon taswira. Sannan ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da 'yar jakar da yake ajiye fasfo ɗinmu duka. Ya zaro nawa ya duba hoton, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "An ƙirga, Inna. Ki yi haƙuri." Ludayin nan bai buga shi ba ranar. Na cire safar hannu na karɓa, na sa shi a lalitata na ɗaure a ƙugu. Tun daga ranar ko wanka zan shiga da shi nake shiga.

Da asuba Asabe ta dawo daga aiki ta same ni a kicin. Idonta ya yi ja. Ta zauna a ƙasa kamar ƙaramar yarinya ta fara kuka. Ta ce wani lokaci a tsaye take barci a cikin bas, ta ce matar da take bar wa jaririyar ba ta ko ɗaukarta in tana kuka.

Ta ce, "Inna, da na roƙe ki da bakina, da za ki zauna?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Wataƙila. Amma da ni ce zan faɗi ranar tafiyata."

Tausayinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na nuna mata yadda ake murza cikin, daga ina ake farawa. Na koya mata ɗaurin goyon da ba ya sa ciwon baya. Na bar mata sauran daddawata da kuka, na bar mata rigar ma, tunda ita za ta ga lokacinta. Amma ban kwance lalitata ba.

Jirgin ƙarƙashin teku kuwa, da ya shiga duhu na rufe ido na kama salati, kunnuwana suka toshe, ina jiran in ji ruwa a ƙafata. Har aka fito ban ga ko ɗigo ba. Na buɗe ido na ga gonaki. Na ce ashe abin tsoron ma a baki ya fi girma.

A Faris na ci wuyar da ban ci a Landan ba. Hajiya ta daina yi mini magana, sai dai ta ce wa babbar 'yarta, "Ummi, gaya mata ta ɗauko yaron." Ba a ƙara tambayata ko na gaji ba. Tafiyar ƙasar da ta faɗa gaskiya ce, ƙafata ta kumbura har silifas ya ƙi shiga, na tsaga shi ta gefe. Abincinsu ban iya ba, burodi mai tauri kamar icen girki da shayi na rayu a kai. Kowace safiya Alhaji kan ce, "Inna, ko za ki zauna a masauki yau?" Ni kuma in ce, "Na ɗaga hannu, ranka ya daɗe." Na shiga gidan hotuna inda mutane ke turereniya a kan hoton wata mata da bai kai faifai biyu ba. Na hau jirgin ruwa. Na bi su cikin lambun da ba a taka ciyawarsa. Duk inda ƙafarsu ta taka, tawa ta taka.

A gindin hasumiyar ƙarfe jiri ya ɗebe ni, na zauna a kan dakali da Abba a baya. Wani baƙin mutum mai tallar 'yan ƙananan hasumiyoyi ya tsaya a kaina ya ce, "Sannu, Iya." Mutumin Damagaram ne. Ya ba ni ruwan gorarsa, ya yi mini fifita da kwali har na dawo daidai. Ya ce, "In kin je gida ki gaida mini ƙasa." Na ce za ta ji. Sannan na miƙe na bi layi na hau har ƙoli. Ummi ta ce, "Inna, kin ga kyau?" Na leƙa. Gari ne dai, rufi bayan rufi. Na ce ta tambayar mini babanta ta wane gefe Kano take. Ya nuna, na tsaya ina kallon wajen har aka ce a sauka.

A filin jirginsu, da aka zo wajen duba takardu, Alhaji ya miƙa nasu a haɗe. Ni na juya baya na kwance lalita na miƙa nawa da hannuna. Baturen ya dube ni ya dubi hoton, ya buga hatimi.

Mun sauka Kano ana yayyafi. Mota ta kai mu Tarauni, aka shiga da akwatuna. A bakin ƙofa Hajiya ta karɓi Abba daga bayana yana barci, ta ce, "Mun gode, Inna. Za mu neme ki." Na san wannan maganar, na kuma san ba za a nema ba. Ba a nema ɗin ba. Yaron nan da na raina tun yana tsumma, daga ranar sai dai in hango shi a cikin mota. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi, amma da a ce a sake, haka zan sake.

Direba ya ce zai kai ni gida, na ce ya bar shi. Na ɗora jakata a ka na taka da tsagaggen silifas ɗina, ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kowa na hanya ina gaishe shi yana amsawa. Maman Saratu, maƙwabciyata mutuniyar Zonkwa da na bar wa awaki, ita ta fara hango ni. Ta saki tsintsiya ta rangaɗa guɗa, matan layi suka fito suka kewaye ni. Aka sauke mini jaka, aka ji ta sakayau.

Maman Saratu ta ce, "Haba, Inna Tasalla! Landan da Faris, ƙasa biyu, ko ɗan turare babu? Ina tsarabarmu?"

Na zauna a bakin ƙofata na miƙe ƙafa. Na ce, "Ga ta nan a zaune. Da ƙyar na ƙwato muku ita."